Wa Muke Ajiye wa Farantin Tangaran?

A layinmu, da an idar da sallar Magariba, hanci kaɗai ya isa ya gaya maka ƙofar gidan da kake wucewa. Wannan gida sandal ke tashi, na jikinsa hawi, na ƙarshen lungu kuwa kajiji ne zalla, domin tsohuwar gidan ta ce sauran duk hawar mata kai suke yi. Mu ba masu hali ba ne. A cikinmu akwai malamin firamare, akwai tela, akwai mai jan Adaidaita Sahu, akwai wadda mijinta ya rasu take riƙe marayu da kaskon awara. Duk da haka da wuya ka ɗaga labulen wani ɗaki ba ka ga kaskon turare a bayan ƙofa ba, ko da kuwa bakinsa ya ɓantare.

Haka muke. Ba ma sayen kwalba guda sai in biki ya taso. Na cokali muke saye, ko ɗan ƙulli a leda, a tsakura kaɗan a ɗora a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Mai haɗa mana shi tana nan bayan layi, kakarta 'yar Maiduguri ce. Duk wanda ya san harkar ya san matan Barno, Barebari da Shuwa, su ne malamanmu a wannan fanni, su kuma hannunsu ɗaya da matan Chadi da Sudan, inda humra da dilka suka daɗe da zama. Nakan zauna in kalle ta tana aiki. Ta sassare itacen ƙanana, ta wanke, ta shanya, ta jiƙa shi da madarar turare ta bar shi ya sha sosai, sannan ta narka sukari a wuta ta juye itacen a ciki, ta barbaɗe da garin farce da miski. Sukarin nan shi ke riƙe ƙamshi, shi ke sa turaren ya ci wuta a hankali maimakon ya babbake lokaci guda. Ta ce gaggawa ce ke kashe turare, shi ya sa wanda aka haɗa jiya aka kai kasuwa yau yake ƙauri. Wadda ta fi mu ƙarfi takan kifa kabbasa a kan kasko ta baza kayan sawa. Wadda ba ta da kabbasa ta kifa kwando, gobe su haɗu a gidan suna, kowacce tana ƙamshi.

Akwai masu cewa wannan duk ɓarnar kuɗi ce a irin wannan marra, ana ta kai wa yake ta kaya. Ban raina maganarsu ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi bayanta: kwanon shinkafa, kuɗin mota, kuɗin makaranta, har barkono. Gidaje da dama a layinmu sun jingine tukunyar gas sun koma gawayi. Sai dai abin da na gani da idona shi ne ba mu daina ɗan jin daɗinmu ba, awo muka rage. Wadda take turara ɗaki safe da yamma ta koma yamma kaɗai. Wadda take sa wa miya nama kullum ta mai da shi na Juma'a, sauran ranaku kuma ta soya albasa a ɗan man shanu ta kwarara a kan miyar kuka, ta ajiye yajin daddawa a gefe. Wanda ya taɓa cin tuwon dawa da wannan haɗin ba zai kira shi abincin haƙuri ba. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Magidancin da ya hana kansa da iyalinsa kowane ɗan daɗi da sunan tattali, ƙunci yake tarawa, kuma a kan mutanen gidan zai sauke shi.

Da bazara ake gane wadda ta iya gida. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan haura digiri 40, kwanon rufi ya sha rana, ɗaki ya ƙi shiguwa har tsakar dare. A wannan lokacin duk daɗin duniya yana cikin moɗa guda ta ruwan sanyi. Masu firji suna samu in an kawo wuta, in an ɗauke kuwa kowa randa yake komawa. Randar ma suna ta tara. Ta mai tsafta ana wanke ta a kai a kai, a kifa ta a kan hayaƙin kajiji ta sha ƙamshi, a girke ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen yashi inda iska ke kaɗawa, a rufe da faifai, moɗar ɗiba daban, kofin sha daban. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, zafin ya tafi tare da shi. Da wannan hikimar marigayi Muhammad Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, tumatir da yalo da alayyafo suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Da so samu ne, da kowace tsakar gida a birni tana da irin tukwanen nan, don yadda tumatir ke ruɓe mana a kwando abin takaici ne ga kuɗin da aka sha wuya kafin a samu.

Abin da ya shigo mana sabo shi ne fanka mai caji da ɗan farantin sola a kan rufi. Yawancin waɗanda ke layinmu da kuɗin adashi aka saye su. Mace ta kwashi adashinta, ana zaton atamfa za ta yanko a Kwari, sai ka ga ɗanta ya dawo daga Sabon Gari rungume da kwali. Uwar da ta taɓa kwana tana yi wa jariri fifita da mafici, ƙurajen zafi sun hana shi barci, ita ta san darajar wannan kwalin.

Kada maza su ce ba da su ake ba, su ma suna da nasu. Ka dubi ƙofar gidan tela bayan Isha'i: kurfoti, 'yar shuɗiyar buta, ƙananan kofuna na gilashi a jere a faranti. Wurin Buzaye masu gadi samarinmu suka koyo, irin shayin da ake sha a Agadas da Damagaram, dahuwa uku a ganye ɗaya, ta farko da ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku zaƙi. Mai dafawa ya ɗaga buta sama ya tsiyayo, ya mayar, ya sake tsiyayowa har sai kumfa ta tsaya a kofi. Shayin duka bai fi kurɓa uku ba, amma sai a kwashe awa biyu a kansa, kuma awa biyun nan su ake nema. Na'a-na'ar da ake jefawa a ciki daga tsohon gwangwanin fenti ake tsinko ta, wanda matar gidan ta shuka a gindin famfo tare da ɗoɗɗoya. Malamin firamare shi tattabaru yake kiwo. In ya dawo daga makaranta ya watsa musu gero, ya kishingiɗa a tumtum ɗin fatar da ya sayo a Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kunna rediyo, to kada ka zo masa da maganar duniya sai bayan La'asar.

Sai kuma ledar dare. Yaran layinmu sun san ƙarar babur ɗin ubansu tun daga bakin titi. “Baba sannu da zuwa,” baki na gaisuwa, ido na kan hannu. Wata rana tsire ne a takarda da albasa da yaji, wata rana gurasa, wata rana ɓarin kankana, wata rana rake kara guda a yanka kowa ya sami gaɓa. Ba nauyin ledar ake dubawa ba. Yaro yana so ya san cewa a can cikin hayaniyar kasuwa an tuna da shi.

To, duk wannan na yarda muna yi, kuma mun iya. Inda nake da magana da mu shi ne wurin kayan baƙi.

Ku shiga kowane gida a unguwar nan ku duba. A cikin dibaida akwai farantan tangaran masu zanen fure, akwai kofunan gilashi shida da aka kawo tun ranar jere, akwai cokula masu ruwan zinare har yanzu a kwalinsu. A ƙasan akwati akwai zanen gado mai laushi da ba ya fitowa sai an haihu. Akwai labulen Sallah. Akwai darduma ta baƙi. A wasu gidajen falo guda ne a kulle, kujeru lulluɓe da mayafi, mutanen gidan kuma suna cunkushe a rumfa. Su waɗanda suka sha wahalar tara kayan, da yaran da aka haifa a gidan, a me suke ci? A robar da ta koɗe, mai ta kama ta har ba ta fita da wanki. A me suke sha? A kofin da hannunsa ya karye tun bara. Baƙon da zai zo sau ɗaya a wata ya zauna rabin awa, shi ke da mafi kyawun abin da muka mallaka, mu kuma da za mu kwana mu tashi a gidan shekara da shekaru muna lallaɓawa da saura.

Na faɗi haka ranar nan muna zaune a tsakar gidan Hajiya, wata dattijuwar layinmu, ana tsinkar zogale, sai ta ajiye tankaɗe ta dube ni.

“Ke 'yar nan, baƙonka Annabinka. So kike a zo gidana a sha ruwa a kofin da yara suka gama wasa da shi?”

Na ce, “Allah ya huci zuciyarki Hajiya, ban ce a wulaƙanta baƙo ba. Amma ai ke kika koya mana cewa gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.”

Ta yi dariya, sannan ta ba mu tarihin da ya kamata kowace yarinya ta ji. Ta ce kakarta da ƙorai aka yi mata jere, masu sassaƙa, an goge su da farar ƙasa. Uwarta ta samu tasoshi da kumbuna. Ita kuma zamanin kwalla da samira da langa aka kai ta ɗaki, an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa. 'Ya'yanta tangaran aka yi musu, jikokinta kuwa kuloli ne saiti-saiti daga kasuwar Rimi. Ta ce, “Ku kuna ganin kwanukan nan ado ne kawai. A zamaninmu wace mace ce take da asusu a banki? Jerenki shi ne bankinki. Shekarar da ciwo ya kwantar da Malam, dillaliya na kira, ta ɗauki kwalla saiti biyu, da kuɗin aka yi magani, babu wanda ya ji, babu wanda ya gani. Da na riƙa zuba miya a ciki suka ɓaɓɓalle, wa zai saya?”

Wannan magana ce mai nauyi, kuma gaskiya ce. Jere dukiyar mace ce ta kanta, iyayenta suka tara mata shekara da shekaru, miji ba shi da iko a kai, kuma ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Duk wanda ya kalli ɗakin tsohuwa ya ce tarkace ta tara, bai san abin da yake kallo ba. Sai dai zamani ya juya. Yau macen da take son ajiya 'yan kunnen gwal take saye, ko tunkiya, ko ta zuba adashi, ko ta bar kuɗin a asusun wayarta. Kofin gilashi da farantin tangaran na yanzu ba sa riƙe daraja, in kika kai wa dillaliya ko rabin kuɗinsu ba za ki gani ba. Dalilin ajiyewar ya tafi, ajiyewar ce ta rage mana. Muna goge musu ƙura duk Asabar, muna daka wa yaro tsawa in ya matsa kusa, har yayinsu ya wuce, a kwashe a kai ƙauye ko a tura ƙarƙashin gado, ba a taɓa cin loma ɗaya a cikinsu ba.

Kuma akwai abin da yaro yake koya daga wannan, ko ba a faɗa masa da baki ba. Yana koyon cewa abu mai kyau na wasu ne. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe kofin gilashi a gidan ubanta ba, ranar da ta je gidan mutane hannunta rawa zai yi. Wadda aka saba zuba mata shinkafa da wake a faranti mai kyau, aka yanka mata tumatir da albasa a gefe, aka shimfiɗa ledar cin abinci mai tsafta, za ta tashi ta san ita ma mutum ce da ta cancanci a yi mata gyara. Abincin bai canza ba, kuɗin cefane bai ƙaru da ko sisi ba. Ana tsoron fashewa, na sani. Zai fashe ɗin. Faranti dama ƙarshensa ke nan, ko a hannun ɗanki ko a hannun mai kwasar kaya ranar tashi.

Wata amarya da ke zaune tare da mu ta kawo nata ƙorafin, wanda ya fi na Hajiya tayar mini da hankali. Ta ce ita matsalarta waya. Duk sanda ta buɗe Instagram ko TikTok sai ta ga falon wata da fitilu masu canza launi, kicin kamar kanti, kwalaben humra jere a gaban madubi, ta ɗago ta dubi ɗakinta ta ji duk ya fice mata a rai. Har ta fara karɓar kaya bashi wurin masu tallan WhatsApp, biya a hankali. Muka yi mata ca. Wannan ma ai kayan baƙi ne, sai dai baƙin ba za su taɓa taka ƙofar gidanki ba, ba su san ki ba, kallo ɗaya za su yi su wuce. Abin da aka saya da bashi don a ɗauki hoto ba ya kawo hutu, mai bin kuɗi yake kawowa. Tela ma da ya ji labarin cewa ya yi ya ga mata da yawa sun kawo ɗinkin labule na yayi, labulen ya yi wata uku a shagonsa an kasa biyan kuɗin aiki. Abin da za ki tambayi kanki kafin ki miƙa kuɗi guda ne: in babu wanda zai gani, zan ji daɗinsa? Matashin kai mai taushi ya ci wannan jarrabawa. Wuƙa mai kaifi a madafi ta ci. Gidan sauro marar huda, sabulu mai ƙamshi a banɗaki, buta mai kyau, fitila a zaure don kada tsoho ya yi tuntuɓe da Asuba, duk sun ci.

Akwai kuma wanda ba a sayarwa a Rimi ko Kwari, kuma shi ne matan layinmu suka fi rasawa. Duk abubuwan da na lissafa, in ka cire shayin maza da tattabarunsu da ledar dare, hannun mace ne ke yin su. Ita ke wanke randa, ita ke hura garwashi, ita ke tace zoɓo da kunun aya, ita ke share tsakar gida ta yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta kafin maigida ya shimfiɗa tabarma. Ita wa yake yi mata? Na tambayi mai awarar nan abin da ta fi sha'awa a duniya in da za a ba ta zaɓi. Ban ji ta ambaci leshi ko gwal ba. Ta ce, “Wallahi Yaya, in yi barcin rana sau ɗaya ba wanda ya tashe ni.” Maigidan da yake neman abin da zai ƙara wa gidansa daɗi ba tare da ya taɓa aljihu ba, ga shi nan. Ya kwashi yara ranar Asabar ya kai su gidan kakarsu. Ya sa samarin gidan su ɗebi ruwa su wanke kwanuka, ba abin kunya ba ne. In ya dafa shayin nan, kofin farko ya aika ciki kafin abokai su taru. Ranar da ta ƙunsa lalle, ya bar ta ta zauna har ya kama, kada a kira ta neman hula.

Hajiya dai ba ta sauka daga kan bakanta gaba ɗaya ba, kuma ban so ta sauka ba. Kwallayenta suna nan a jere, ta ce sai bayan ranta a raba wa jikoki, kuma babu mai ja da ita. Amma Juma'ar da ta wuce jikarta ta shigo mana da gudu tana ba da labari, wai an buɗe dibaida an fito da kofunan gilashi an sha zoɓo da su, har da ƙanƙara, kuma an zuba wa kowa dambu a farantin fure. Matar malamin firamare ta ciro zanen gadon haihuwarta ta shimfiɗa haka kawai ranar Talata, mijin ya shigo yana tambaya ko baƙi za a yi. Amaryar nan ta biya bashinta ta fita daga zauren masu talla, kuɗin adashinta na gaba kuma katifa ta ce za ta canza.

Maganar falo ce har yanzu ba mu daidaita ba. Masu ƙananan yara sun ce in aka buɗe shi, kujerun ba za su kai Babbar Sallah ba, sai an tashi neman mai gyaran kushin. Wasu sun ce a buɗe da daddare kawai, bayan an wanke wa yara hannu da ƙafa. Hajiya ta ce duk wadda ta buɗe nata ta zo ta ba ta labari bayan wata shida, sannan ta san abin da za ta yi da makullin nata.